Kujerar Abdulaziz a Cikin Basamudiya

Akwai wani dattijo a unguwar Nima ta birnin Accra ana ce masa Alhaji Jibirilu mai jif.

Kafin in ci gaba, masu shigowa ƙarƙashin rubutuna suna cewa Admin ƙirƙira yake yi, ku sani ina ganinku, kuma na san gidajenku. Rabin labarin nan da idona na gani. Ɗaya rabin Alhaji ne ya ba ni da bakinsa, ya ce kada in faɗa wa kowa. Ni kuwa kun san ni da riƙon amana, shi ya sa ban faɗa wa kowa ba sai ku.

Alhaji Jibirilu yana da wata tsohuwar jif, koriya, doguwa, irin motocin daji na da da ba su san bambancin kwalta da laka ba. Da ita ya yi fataucin goro tun gemunsa yana baƙi. Sunanta Basamudiya. A bayanta babu kujeru irin na motocin yanzu, benci biyu ne dogaye suna kallon juna, an shimfiɗa kafet a tsakani. Bel kuwa, ko na direba babu.

Kullum da safe sai ya wanke ta, ya goge ta har ka ga fuskarka a jikin ƙofa. Ni kaina na sha tsayawa in gyara hulata a wurin, don hula irin tawa ba kowane madubi ke iya ɗaukarta ba.

Gidan Alhaji suna da wata al'ada. Duk jaririn da aka haifa a zuri'ar, Basamudiya ce ke ɗauko shi daga asibiti. Matarsa Hajiya Memuna ta zauna a benci, jariri a cinyarta, shi kuma yana gaba yana tuƙi kamar ya ɗauko shugaban ƙasa. Da sun karyo kwanar unguwa sai ya danna hon, mata su fito da guɗa. 'Ya'yansa duka haka suka shigo Nima, jikoki ma haka.

Akwai maƙwabcinsa Mutawakil, matashi mai wata 'yar ƙaramar mota da yake ɗaukar fasinja ta waya. Ba ranar da Alhaji ba ya taɓa shi.

"Mutawakil, matsar da gwangwanin kifinka. Kar Basamudiya ta yi atishawa a neme ka a unguwar Madina."

Mutawakil sai ya yi dariya ya ce, "To, Alaji," ya matsar.

To, autan Alhaji, Shamsudeen, yana da mata Zuhura. Sun daɗe da aure ba haihuwa. Ciki ya zo ya zube, wani ya zo ya zube, har mutane suka daina yi mata barka in sun ga alama, sai dai su kau da ido su yi addu'a a zuci. Da Allah ya tashi ba ta wanda ya tsaya, sai ya zo bakwaini. Aka sa shi a kwalba. An raɗa masa suna Abdulaziz, an yanka rago, an ci an sha, mai sunan yana can asibiti da robobi a hanci bai san ana yi ba.

Saboda haka unguwa duka ta zuba ido ga ranar da zai zo gida. Ranar nan likita ya ce Litinin za a sallame su.

Alhaji da Hajiya suka je duba su. Zuhura ta gaishe su, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ina da roƙo."

"Faɗi, 'yata. Ko wani ragon kike so?"

Ta nuna wani abu a gefen gado. Kujerar jariri ce ta mota, baƙa, mai maɗaurai, yayarta Samiratu ta aiko da ita daga Jamus a cikin gangar kaya.

"A cikin wannan nake so ya hau mota. Ba a cinya ba."

Hajiya Memuna ta dafa ƙirji. "Ei! Cinyar nan tawa ita ta ɗauko mijinki. Ki dube shi, wani abu ya rage a jikinsa?"

"Na sani, Mma. Ba raini ba ne. Amma ku dube shi." Ta ɗaga zanin da ta rufe yaron. Tafin hannun Alhaji ya fi bayansa faɗi. "Na zauna a nan ina kallon ƙirjinsa ko zai ɗaga, ko ba zai ɗaga ba. In aka taka birki ya suɓuce, ba ni da wani."

Alhaji ya dubi kujerar, ya dubi yaron, ya gyara babbar rigarsa.

"Shi ke nan? Motar da ta ɗauki buhunan goro ta haura duwatsu, kujerar roba ce za ta gagare ta? Shamsu, ɗauko ta."

Nan wahala ta fara.

Aka kawo kujera gida, aka buɗe bayan Basamudiya. Shamsudeen ya duba wayarsa ya ce, "Baba, sun ce da bel ake ɗaure ta. Kuma a kujerar da ke kallon gaba, ba a bencin gefe ba."

"Su wa suka ce?"

"Waɗanda suka ƙera ta."

"Sun taɓa ganin Basamudiya?"

Shamsudeen ya sosa ƙeya. A hankali ya ce, "Ko mu roƙi Mutawakil? Tasa tana da bel a baya."

Wallahi na so a ce kun ga fuskar Alhaji. Ya ce, "Jikana? Wanda aka jira shekara da shekaru? Ya shigo Nima a gwangwani? Ka sake faɗa in ji."

Shamsudeen bai sake ba. Matarsa na can ta ce sai kujera, ubansa na nan ya ce sai Basamudiya, shi yana tsakiya da waya a hannu kamar wanda trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ya sauke a inda bai sani ba.

Alhaji ya aika aka karɓo majanyin goyon Hajiya har guda biyu. Ya naɗe kujera da benci, ya ƙulle, ya ja da haƙori. Sai ya ce a samo abin da ya kai nauyin jariri a gwada.

A daidai nan ne tsautsayi ya biyo da ni. Ina tafe da kankanata da na zaɓa da kaina, na sha farar shadda sabuwa fil, irin wadda in na wuce mata ke mantawa da abin da suka ɗora a wuta. Alhaji ya ce, "Admin, aro mana wannan." Ban ce i ba, ban ce a'a ba, sai ga kankanata a kujerar Jamus an ɗaure ta kamar 'yar gata. Ni kuma aka ce in shiga gaba in zama shaida.

Muka hau titi. Alhaji ya ɗan ƙara wuta, ya ce, "Ka riƙe hularka," ya taka birki.

Majanyi ya saki. Kujera ta kife. Kankana ta wuce tsakanin kafaɗata da ta Alhaji ta daki gaban mota, ta tarwatse.

Na buɗe baki zan yi magana a kan shaddata, don har yau ba wanda ya ce mini sannu, sai na ga Alhaji. Ya ƙura wa jan da ke gangarowa a gilashi ido. Ni ma sai na haɗiye maganata.

Da muka dawo ya ce, "Laifin zani ne. Zani na mata ne. Igiya za a samo."

Washegari ya ɗauko Abdulganiyu, wani mahauci daga Sabon Zongo, da igiyar shanu a kafaɗa. Abdulganiyu ya zagaya kujerar yana kallonta kamar sa ne zai kayar.

"Alaji, ɗaurin da zan yi mata, bijimi na yi wa shi ya kwana bai motsa ba."

Ya zura igiya ta ƙarƙashin benci, ya fito da ita ta ramin da aka yi don bel, ya sa ƙafa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ƙattin unguwa suka zo suna jijjiga kujerar. Motar duka ta girgiza, kujera ko gezau. Aka yi tafi. Shamsudeen ya ɗauki hoto ya tura wa Zuhura. Ta ce to, amma sai ta taɓa da hannunta.

Ni dai na ce ba zan ƙara zama shaidar kowa ba. Daga nan abin da za ku ji, daga bakin Alhaji ne.

Ranar Lahadi da safe, lokacin da titunan Accra suke sarari, ya ɗaure jarkar ruwa a kujerar ya fita shi kaɗai. Ya ce yana so ya gani da idonsa. Ya sami wani miƙaƙƙen layi wajen Kokomlemle, ba kowa. Ya yi bisimilla, ya ƙara wuta, ya taka birki.

Sai ya ji ƙara a bayansa kamar an jefo ƙofar ƙarfe.

Ya waiwaya. Igiyar Abdulganiyu ba ta saki ba. Kujera tana nan manne da benci. Bencin ne duka ya tumɓuke daga gindinsa, ya taho da kujera da jarka ya daki bayan mazaunin direba.

Alhaji ya sauka ya zagaya. Ya ɗaga kafet. Inda ƙafafun benci suke, ramuka ne, ta cikinsu yana hango kwalta. Ya sa yatsa ya danna gefen ramin, ƙarfen ya marmashe kamar busasshen burodi. Ya danna gaba, haka. Ya danna can, haka. Tsatsa ta cinye ƙasan motar tun ba yau ba. Shi yana ta goge waje, bai taɓa ɗaga kafet ba.

Ya ce mini a bakin kwata ya zauna. Ya tuna jikarsa ta ƙarshe da aka ɗauko bara, a kan wannan bencin, a cinyar Memuna.

Masu walda duk sun rufe, Lahadi ce. Ko da suna nan, shi tsohon direba ne, ya san ba aikin yini ba ne, sai an yanke ƙasan duka an sa sabo. Gobe kuma Litinin.

Sai ya tashi ya tura bencin ya mayar. Ƙafafun suka faɗa ramukansu daidai. Ya ja kafet ya rufe. Ya ja da baya ya duba. Wallahi kamar ba abin da ya faru.

Ya dawo gida ya tarar tsakar gida ta cika. Mata sun yi anko, ana tsince wake, ana jera tukwane. Ya kira Hajiya gefe.

"Memuna, akwai wata magana."

"Ni ma ina da ita. Wai Mutawakil ya aiko, in abin bai yiwu ba ga motarsa. Na ce a gaya masa Alhaji Jibirilu bai taɓa cewa zai yi abu ya kasa ba. Mece ce taka maganar?"

Alhaji ya dubi matan, ya dubi tukwanen.

"Ba komai. A sa mini ruwan wanka."

Ya yini yana lallashin kansa. Zai tafi a hankali. Ba zai wuce tafiyar mai tura baro ba. Ba zai taka birki ba ko sau ɗaya. Sai wata zuciyar ta ce masa, kai za ka tafi a hankali, masu trotro da 'yan babur fa, su ma ka yi shawara da su? Abinci ma kasa ci ya yi.

Litinin suka isa asibiti. Hajiya Memuna ta riga kowa hawa, ta zauna daram a kan bencin kusa da kujera. Hajiya kuwa Allah ya yi mata jiki, nauyinta ya danne komai.

Zuhura ta fito a hankali, Shamsudeen na riƙe da kaya. Ta miƙa masa yaron, ta kama kujerar da hannu biyu ta jijjiga. Ba ta motsa ba. Ta sake. Ba ta motsa ba.

Ta juyo idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ka yafe mini. Na wahalar da kai, har mutane suna cewa na raina motarka. Da ma na san ba za ka sa shi inda zai cutu ba."

Ta karɓi Abdulaziz ta kwantar da shi, ta ɗaura masa maɗaurai, ta gyara masa 'yar hularsa. Ta zauna a ɗaya bencin. Shamsudeen ya rufe ƙofar baya ya shiga gaba.

Alhaji ya zauna a mazauninsa, makulli a hannu. Ya kai shi bakin rami, ya kasa zurawa.

"Baba, mu je," in ji Shamsudeen.

Alhaji ya ci gaba da juya makullin a hannu.

"Alhaji, rana tana yi, mutane na jira," in ji Hajiya.

A bakin ƙofar asibitin wani ɗan babur ya gitta gaban trotro. Direban ya taka birki, tayoyi suka yi ƙara, fasinjoji suka zube kan juna suna zagi. Abin da ke faruwa kullum ne, ba wanda ya kula. Alhaji kaɗai ya bi shi da kallo.

Ya sauka. Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya.

"Zuhura, fito da shi."

"Baba?"

"Fito da shi, 'yata. Memuna, ke ma sauko."

Da suka sauka, ya sa hannu ɗaya ya ɗaga bencin, da kujera da igiya da komai. Ya ja kafet. Hasken rana ya shigo ta ƙasan mota.

Hajiya ta ce, "Innalillahi! A kan wannan nake zama da 'ya'yan mutane?"

Zuhura ta ƙanƙame yaronta. Ta daɗe tana kallon ramukan, sannan ta ɗago.

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

Yana iya cewa yanzu. Ba wanda zai ƙaryata shi. Ya ce, "Tun jiya."

Ta juya masa baya da yaronta. Alhaji ya ce mini da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Shamsudeen ya ciro waya zai kira Mutawakil. Alhaji ya miƙa hannu. "Ba ni. Ni zan roƙe shi."

Aka ɗauka.

"Mutawakil, Jibirilu ne. Ina asibiti. Ina roƙon ka zo ka ɗauki jikana."

"Alaji? A gwangwanin kifi fa?"

"A cikinsa. Don Allah."

Da Mutawakil ya ji muryar ba ta wasa ba ce, ya ce, "Ina da fasinja, amma yanzu zan sauke shi. Ku tsaya a inuwa."

Ɗaurin Abdulganiyu ya ƙi kwancewa, sai da aka ari wuƙar mai sayar da lemo aka yanke. Aka kai kujera motar Mutawakil, aka zura bel, ya yi ƙas, shi ke nan. Abin da ya hana Alhaji barci da abinci, kafin a gama gaisawa an gama shi.

Zuhura da Hajiya suka sa yaron a baya, Shamsudeen ya shiga gaba. Mota ta cika. Alhaji ya tsaya a rana yana kallo, ba wurinsa. Aka loda masa bokitai da filas da ƙullin zannuwa a Basamudiya, ya biyo su a baya shi kaɗai.

Ni ina bakin lungu tare da jama'a. Muka ga 'yar motar Mutawakil ta karyo kwana, Basamudiya na binta ba hon, ba komai. Mata suka dubi juna. Wani ya ce, "Chale, abokina, gwangwani ya ci gasa." Aka fara ƙunshe dariya. Ni kaina na tanadi wata magana mai daɗi da zan jefa, don kun san bakina ba ya kwana da yunwa.

Lungun gidan Alhaji mota ba ta shiga, ko babur sai ya karkata. Mutawakil ya tsaya a baki. Zuhura ta kwance yaron ta fito. Hajiya ta miƙa hannu za ta karɓa.

"Mma, ki yi haƙuri, yau kaɗai."

Ta ratsa mutane ta nufi Basamudiya. Alhaji yana ciki bai sauko ba, ya kifa goshi a kan sitiyari. Ta tsaya a gefen taga.

"Baba."

Bai ɗago ba.

"Baba, sauko. Na yi fushi a hanya, na gama. Da ka yi shiru da ban sani ba har abada. Wanda ya ce a fito da shi, shi zai shigar da shi gida."

Ya sauko kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya goge hannuwansa a riga, ya sake gogewa. Ta ɗora masa Abdulaziz. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga buhun goro, sai ga shi ya sandare, ya rasa yadda zai yi da gwiwar hannunsa.

Dariyar ta mutu. Maganar da na tanada ma ban san inda ta shiga ba.

Ya fara takawa, ƙafa ɗaya, ya tsaya, ƙafa ɗaya. Mutane suka dare. Ga kwata a tsakiyar lungu, ga katakon da aka gitta, ga duwatsu. Ya iso bakin katakon ya tsaya cak. Hawaye ya cika masa ido, hannu biyu duk suna ɗauke da yaro, ba na sharewa.

Ya ce, "Memuna, zo ki riƙe mini riga ki faɗa mini inda zan taka. Ba na ganin hanya."

Darasi: Duk abin da kake taƙama da shi, mota ne, suna ne, ko al'adar gidanku, bai kai ran wanda ya yarda da kai ba. In ka gano ɓaraka a inda kai kaɗai ka sani, faɗe ta tun kafin a ɗora maka amana, in kuma ka makara, faɗe ta duk da haka. Kunyar yini ɗaya tana wucewa, wani abin kuwa ba ya dawowa. Kuma kada ka wulaƙanta ƙaramin abin maƙwabcinka. Iyaye masu ɗora jarirai a cinya a mota, da ku nake. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, ba ku karance a ɓoye ku wuce kamar yadda kuka saba yi mini ba.